Wai Ɗanka Ya Fi Ƙarfin Aikin Otal?

Tsaya, Malam, kada ka juya shafi tukuna. Na ga yadda ka yatsine fuska da idonka ya faɗa kan kalmar otal, har ka fara salati ƙasa-ƙasa. Ban ko buɗe baki ba ka riga ka yanke hukunci: wannan marubucin so yake ya tura mana yara bariki. To gyara zama, yau ni da kai ne, kuma ba na neman mai raba mu.

Ka ce otal matattarar 'yan duniya ce? Madalla da wannan fatawa. To lokacin da ka je sauke farali, a ina ka kwana? Kada ka ce mini a Harami, don askarawa ba sa barin mutum ya shimfiɗa katifa a can. A otal ka kwana, har ka ɗauko hoton ɗakin ka aiko wa iyali, kana nuna musu tagar da ake hango hasumiya. Ranar da aka kira ka taron ƙara wa juna sani a Abuja fa? Ka kwana uku kana cin kaza safe da yamma, ka dawo kana ba da labarin ruwan zafi mai zubowa daga bango. Bikin 'yarka ta fari, dangin ango da suka zo daga Maiduguri a ina ka sauke su? Wato kai idan ka shiga, baƙo ne mai daraja, shi kuwa wanda ya shimfiɗa maka zanin gadon ɗan iska ne. Wannan lissafi a wace makaranta aka koya maka shi?

Na ji, ba sai ka ɗaga murya ba. Akwai otal-otal da Hisbah ke kai wa samame, kuma ba don neman hayar ɗaki take zuwa ba. Ban musa ba. Amma a Kantin Kwari ma ana yanke aljihu, ban kuwa ji ka hana ɗanka zaman shago ba.

Ka ce to ko ba lalata, ai aikin boyi ne, kuma kai gidanku ba a gaji bauta ba? Kai jama'a, ku zo ku ji mini mutumin nan! Wa ya gaya maka saukar baƙi don kuɗi Bature ne ya kawo ta? Je ka tambayi tsofaffin Kurmi su ba ka labarin fatoma. Falke ya taso da ayarinsa daga Gwanja da goro, ko daga Agadas da gishiri, bai san kowa a gari ba. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. A faɗa mini abin da otal na yau yake yi wanda ya wuce haka, ban da na'urar sanyaya ɗaki. A unguwar Sabo ta Ibadan, masu gidajen da ke sauke fataken shanu da na goro su ne manyan unguwa, su ake kai wa gaisuwa, har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinsu ya rubuta littafi guda a kansu, aka buga a 1969. Duk zangon da ka sani daga Salaga zuwa Kumasi, da masauki ya fara. Kakanninka da saukar baƙi suka tara dukiya suka yi suna, kai kuma jikansu kana zaune a majalisa kana jiran a buɗe shafin ɗaukar aikin kwastan. Allah ya buɗe, amin.

Wani abin ma ya fi ba ni dariya. Yaron nan da ka rantse ba zai ɗauki tire a Kano ba, kai ne ka sayar da fili ka yi masa biza. Yanzu yana Jidda ko Dubai. Me yake yi? A majalisa kana cewa "yana harkokinsa a waje". Ni kuwa na san harkokin: wanke faranti ne da goge tayil, a bayan wani ɗakin girki da ko taga babu. Da ya turo riyal sai farantin ya zama mai tsarki. Ashe ba aikin kake ƙi ba, idon maƙwabta kake tsoro.

Kana nan kana tsare mutunci, sai ka shiga babban otal a garinku ka tarar mai karɓar baƙi daga Filato take, mai kula da ɗakuna ɗan Binuwai ne, kuku kuwa daga Kwatano ko Lome ya zo. Sai ka fito kana huci, wai an mamaye mana guraben aiki. Wa ya mamaye? Kujera ce ka tashi ka bari, wani ya ga babu kowa ya zauna, kuma ya iya zaman. Sun koyi aikin, sun jure wahalarsa, wasunsu sun fara daga wanke-wanke yau su ne manajoji. Ka gaishe su da kyau, ka daina harara.

Ka ce ɗanka digiri ne da shi, ba zai ɓata karatunsa a share-share ba? Kai a tunaninka otal tsintsiya ce kawai da bokiti? Ɗauki Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, ɗakunansa sun haura 600. Gari ne guda. Akwai akanta, akwai mai sayo kaya, akwai mai kula da sito, akwai injiniyan lantarki da mai gyaran famfo, akwai yaran kwamfuta masu kula da rajistar baƙi da intanet, akwai masu talla, akwai masu tsaro, akwai direbobi. A ƙasar nan ma akwai wani babban ma'aikaci da ba a yi masa kirari, wato mai kula da janareto. Ran da ya yi fushi, daga manaja har baƙon da ke hawa na goma kowa sai ya san da zamansa. Bayan su ga na waje: mai kawo ƙwai, mai kawo kayan miya daga 'Yankaba, mai kaji, mai wanki da guga, mai tasi da ke jira a bakin ƙofa, mai dukanci da ya baje jakunkuna a harabar. Duk daga aljihun baƙo ɗaya suke ci.

Hajiya, na gan ki kina murmushi a gefe, kada ki ɗauka kin tsira. Ke ce kika ce namiji da girki abin kunya ne, ko? To mai shayin bakin layinku da yake soya ƙwai yana juya taliya da hannu ɗaya, mace ce? Mai tsire fa? Mai balangu? Mai kilishin da kike aikawa a sayo miki za ki kai tsaraba? Duk girki suke yi, a tsakiyar titi ma, kowa na kallo, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Sai an sa wa mutum farar riga da doguwar hula, an ba shi albashi, sannan abin ya zama na kunya. Ke kuma da kanki kina dafa abincin biki kina tallarsa a WhatsApp, mutum ɗari biyu kike ciyarwa a yini. Sunan sana'arki ɗaya da ta kukun otal, ke dai ba ki da hular.

Yanzu Malam ya gyara murya, zai kawo babbar hujja. Ka ce wa zai zo yawon buɗe ido ƙasar nan, me za a gani? Haba! Kai da ba ka taɓa wuce tashar garinku ba sai da dalilin gaisuwar mutuwa, kai ne za ka ce babu abin gani? Yankari tana nan a Bauchi, an keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Akwai giwaye, akwai ruwan Wikki mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yatsun ƙafarka. Akwai gwaggon biri da zai shigo ɗaki ya ɗauke maka burodi kana tsaye, ya zauna a kan mota ya ci yana kallonka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Hawan sallar Kano ya shiga a 2024. Sukur ta Adamawa tun 1999 take ciki, tsohon birnin Agadas kuma 2013. Jakadun ƙasashe suna tasowa takanas daga Abuja su zauna a rumfa su kalli Hawan Daushe, kai kuwa da kake Mandawari kana gida kana barci, wai ƙura ta yi yawa.

Kuma wa ya ce sai Bature da gajeren wando da kyamara a wuya ne ɗan yawon buɗe ido? Leƙa gidan zu na Kano ran sallah ka ga inda ake turereniya. 'Yan makaranta da ake lodawa a bas zuwa Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata fa? Amarya da ango da suka gudu Jos kwana uku don su huta da dangi? Kamfanonin da ke shirya Umara, masu yanka tikiti, su kama masauki, su haɗa ka da ɗan rakiya? Wannan duk sana'ar ce. Alhaji da ke zuwa Umara sau biyu a shekara yana cikin manyan masu ciyar da ita gaba, sai dai idan ka kira shi ɗan yawon buɗe ido zai iya jifan ka da carbi.

To, duk hujjojinka sun faɗi, sai ka ba ni tausayi. Tun ɗazu kake harbin iska, ga nama a gabanka ba ka gani ba. Bari in ara maka hujjar da ya kamata ka fara da ita, kyauta, ba sai ka gode ba.

Da cewa ka yi aikin akwai wahala kuma ana cutar masu yinsa, da tuni na miƙa maka hannu. Dubi mai gyaran ɗaki. Baƙo ya fita da tsakar rana, wani zai shigo kafin la'asar. Za ta yaye zanin gado, ta cire rigunan matasai, ta ɗaga katifa ta soke sabon zani ta ja shi har sai babu ko tattara ɗaya. Ta durƙusa ta wanke banɗakin da wani ƙato ya bari kamar an yi yaƙi, ta tsince gashi daga magudana, ta goge madubi, ta ƙirga tawul, ta ƙirga kofuna, ta leƙa ƙarƙashin gado ko an manta caja. Ta tura keken kayanta zuwa ɗaki na gaba, ta sake daga farko, haka har bayanta ya ƙage. In agogon baƙo ya ɓata, ita za a fara tsarewa, ko da daga baya an same shi a aljihun babbar rigarsa. Ba kuwa lallai a ba ta haƙuri ba.

Ko yaron da ke teburin karɓar baƙi da dare. Ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari ya mutu, wayoyin ɗakuna suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Shi bai sayi dizal ba, bai san inda aka ajiye makullin tanki ba, amma shi za a zaga har iyayensa, kuma dole ya ce "a yi haƙuri, ranka ya daɗe" da murmushi. Ran sallah kowa na gida da sabon ɗinki, shi yana bakin aiki, don ranar hutun mutane ita ce ranar kasuwar otal. A ƙananan wurare da yawa aikin awa goma sha biyu ne, wani lokacin a haɗa maka dare da yini idan abokin canjinka bai zo ba. Faranti ya fashe, a cire a albashi. Baƙo ya gudu bai biya ba, a cire a albashi. 'Yan mata kuwa suna da ƙarin nasu tashin hankalin, na baƙon da yake ganin kuɗin ɗakinsa ya haɗa da mai kawo masa shayi, da manajan da zai ce kada a ɓata wa kwastoma rai.

Ka taɓa lura da kashi goma cikin ɗari da wasu otal ke ƙarawa a ƙasan rasit, wai kuɗin hidima? Asalinsa na ma'aikata ne, a tara a raba musu ƙarshen wata. A wasu wuraren ana rabawa, har ya kan zama shi ne rufin asirin ma'aikaci. A wasu kuwa kuɗin yakan bi wata hanya da ba ta ratsa ta ɗakin girki. Gobe idan ka biya, ka tambayi wanda ya kawo maka abincin ko yana ganinsa. Kallon da zai yi maka ya ishe ka amsa.

Doka fa? Tana nan a rubuce, lafiyarta ƙalau. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, daga 30,000 na 2019. Sai dai dokar ta ɗauke wa duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ka kuwa san yawancin gidajen saukar baƙinmu ba su kai ba, wasu kuma sun iya ƙirgen da ba zai taɓa kaiwa ba. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku, kuma bayan shekara yana da hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 8, mai gida ya zuba 10. Je ka karanta wa mai wanke-wanken da ya shekara biyar a matsayin ɗan wucin gadi, ka ga ko ba zai ɗauka tatsuniya kake yi masa ba. Akwai ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan otal, amma ƙarfinta a manyan otal yake. A ƙananan, wanda ya ambaci ƙungiya da safe, da yamma yana gida.

Ga kuma rashin tabbas, don wannan sana'a ba ta jure tsoro. Tambayi mutanen Agadas. A da jirage na sauke Turawa, tseren motocin Faris zuwa Dakar na ratsawa, direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa suna cin kasuwa. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi suka kore kowa, tseren ma ya koma Kudancin Amurka a 2009. Direbobin da suka san Sahara sai da yawansu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, kafin sojoji su soke ta a 2023. A Kure, garin raƙuman dawa kusa da Yamai, harin watan Agustan 2020 ya kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu, kasuwar 'yan jagoran wurin ta durƙushe. A shekarar ce kuma korona ta rufe otal-otal, aka sallami ma'aikata, aka hana alhazan waje zuwa Hajji. A Kano rigimar sarauta ta sa 'yan sanda sun hana hawa a 2024 da 2025, mai otal da mai hayar doki da mai ɗinkin kayan doki kowa ya ji a jikinsa.

Na gwamnati kuwa kada ma a tayar da zancen, sai hawan jininka ya tashi. Otal ɗin Bagauda da aka gina zamanin Audu Bako yanzu lauyoyi ake koyarwa a wurin. Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya shekara da shekaru a rufe ana shari'a, aka rushe shi a 2020. Daula na Kano sai a labari.

Yauwa, ga shi ka miƙe kana tafi. Ka ce ai ka faɗa, maganarka ta fito? Zauna, Malam, ba taka ba ce, tawa ce na ara maka. Kai cewa ka yi aikin ƙazanta ne, ni na ce aikin halal ne da ake tauye masu yinsa. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Mai maganarka zai kulle ɗansa a gida. Mai tawa zai raka shi, ya tambayi manaja: awa nawa ne aikin, ranar hutu yaushe ce, ina takarda, kuɗin hidima wa ke rabawa, idan an tashi tsakar dare akwai motar mayar da ma'aikata gida? Kuma zai tura shi ya koyo aikin tukuna, don wanda ya zo da takardar shaida daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko daga cibiyar NIHOTOUR da gwamnatin tarayya ta kafa don wannan fanni, ba a yi masa tayin da ake yi wa wanda aka tsinto a bakin ƙofa. In ya haɗa da Larabci ko Faransanci a kan Hausarsa da Turancinsa, to shi ne zai zaɓi wurin da yake so. Ga mu da ɗaliban Islamiyya masu Larabci kamar ruwa, ga kamfanonin Umara na neman 'yan rakiya, amma an rasa mai haɗa su.

Ka ce kai dai ba ruwanka, ba ka da otal, ba ka zaluntar kowa? A'a, dakata. Waye yake kiran sabis da tafi da "kai, zo nan", alhali mutumin ya haife shi? Waye yake barin ɗaki da ƙashin kaza a kan zanin gado da ruwan shayi a kan kafet? Waye zai kashe dubu hamsin a kwana ɗaya, amma idan yaro ya ɗauko masa jaka har hawa na uku sai ya sallame shi da "Allah ya yi albarka"? Addu'a tana da kyau, Alhaji, sai dai mai adaidaita ba ya karɓar ta. Tukwici fa ba bidi'ar Turawa ba ce, ko yaron da ya kawo maka tuwon maƙwabta kana ba shi.

Sannan farin tawul ɗin nan mai laushi da ke rataye a banɗakinka, wanda aka saƙa sunan wani otal na Abuja a gefensa. Ka ce kyauta aka ba ka? To, na yarda. Sai dai a can an ƙirga an ga babu ɗaya, kuma ba daga albashin manaja aka cire kuɗinsa ba.